Daga zane zuwa haske: yadda na kai cip ɗin OPA masana'anta ya dawo hannuna

Tun da na fara sa hotunan ɗakin gwajinmu a zauren ɗalibanmu na arewa da ke karatu a Birtaniya nake samun tambaya iri ɗaya, musamman daga waɗanda suka zo da tallafin PTDF ko TETFund suka faɗa ɓangaren haske: ta ina ake farawa in ana son a ƙera cip, wato ɗan ƙaramin allon silikon da ake zana hanyoyin haske a kansa, nawa ake kashewa, kuma wata nawa ake jira. Shi ya sa na ga gara in rubuta yadda tawa ta kasance, daki-daki. Abin da na yi aiki a kai shi ne jeren eriyoyin haske, wanda mu a fagen muke kira OPA. Ana ɗauko hasken leza guda, a rarraba shi cikin ƙananan magudanai masu yawa a kan silikon, kowace magudana a jinkirta takun igiyar haskenta gwargwadon yadda ake so, sannan duk su fitar da hasken sama ta eriyoyinsu. Inda igiyoyin suka haɗu da taku ɗaya sai haske ya yi ƙarfi, sauran wurare su kashe juna. In ka sauya jinkirin, tsinken hasken ya karkata wani gefe, ba madubi mai juyawa, ba abin da ya motsa. Masu rediyo da rada sun daɗe da wannan dabara, tun 1905 Karl Ferdinand Braun ya nuna ta da eriya uku. Bambancin shi ne igiyar rada ana auna ta da santimita, tamu kuwa nanomita 1550 ce (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), kuma duk wahalar da zan ba da labari daga wannan ƙanƙantar ta taso.

Kafin in ja layi ko ɗaya a kwamfuta sai da na sha takardu. Ta farko ita ce shaidar ATAS, wadda gwamnatin Birtaniya ke nema daga ɗaliban ƙasashe da dama, har da Najeriya, in bincikensu ya shafi fannonin da za a iya karkatar da su zuwa aikin soja. Ba a biyan ko sisi, ta intanet ake cikewa, amma tana ɗaukar makonni, kuma bayanin binciken da ka rubuta dole ya yi daidai da wanda jami'a ta rubuta. In daga baya aikinka ya sauya alkibla sosai, sai an sake nema. Ta biyu ita ce yarjejeniyar riƙe sirri da masana'antar da za ta ƙera cip ɗin. Ba za su ba ka kundin ƙa'idojinsu ba, wato PDK, mai ɗauke da kaurin kowane shimfiɗi da mafi sirantar layin da injinsu zai iya fitarwa, sai an sa hannu. Kai ɗalibi ba ka da hurumin sa hannun, ofishin lauyoyin jami'a ne ke yi, su kuma sai sun yi ta musayar gyare-gyare da lauyoyin can a kan jimla ɗaya. Aka haɗo mana da wata takarda da za a bayyana wanda zai yi amfani da kayan da abin da za a yi da shi, aka nemi sunan duk wanda zai buɗe kundin da ƙasarsa. Abokan aikina Turawa nasu ya wuce nan take, nawa sai da aka nemi kwafin fasfo da shaidar ATAS ɗin aka sake dubawa. Ba zan ɓoye ba, abin ya ɗan sosa mini rai, amma OPA na shiga cikin lidar, wato na'urar auna nisa da hasken leza, da sadarwar leza tsakanin taurarin ɗan'adam, kuma kuɗin binciken farko-farko a Amurka da yawa daga hukumar DARPA ta ma'aikatar tsaro suka fito. Fiye da wata biyu suka tafi a nan. Wanda zai bi wannan hanya ya tura wa lauyoyi takardar a makon da ya iso, ko bai san me zai zana ba tukuna.

Muna cikin jiran ne muka zauna da Farfesan da ke duba aikina a kan abin da za a gina cip ɗin da shi, kuma a nan gizo ke saƙar. Silikon yana matse haske ƙwarai, domin ma'aunin karya haskensa kusan 3.48 ne, na gilashin da ke kewaye da shi 1.44. Saboda haka magudana mai kaurin nanomita 220 da faɗin 500 ta ishe ka, kuma za ka iya lanƙwasa ta a kwana mai maikiron 5 (maikiron ɗaya nanomita 1000 ne) hasken bai zube ba. Yana kuma jin zafi da sauri: ɗora ɗan siririn ƙarfe mai tsawon maikiron 200 a samansa a matsayin hita, ka ɗaga zafin da digiri 20 da 'yan kai, sai ka jinkirta hasken da rabin zango, wato rabin tsawon igiyarsa. Aibinsa shi ne ba ya ɗaukar haske mai ƙarfi. Ƙwayar haske ɗaya a nanomita 1550 ba ta isa silikon ya haɗiye ta ba, amma in biyu suka zo tare ƙarfinsu ya haura iyakar, sai ya haɗiye, kuma yawan hasken da ka tura yawan asarar da za ka yi. Ga wanda ke mafarkin lidar mai hangen mita 200, wannan babbar katanga ce. Silikon naitiraid kuwa yana ɗaukar ƙarfi, asararsa kaɗan ce, har haske mai ganuwa yana bi ta cikinsa, sai dai jin zafinsa bai wuce kashi 1 cikin 7 na silikon ba, ga magudanansa na buƙatar fili da kwana mai faɗi. Sai litiyam nayobet, wanda wutar lantarki ke sauya masa taku kai-tsaye cikin ƙiftawar ido ba tare da zafi ba, amma kowane masaitin taku sai ya kai milimita da yawa ko santimita, saitinsa yana zamewa a hankali in aka bar wuta a tsaye, kuma masana'antun da ke yin sa ba su da yawa. Akwai hanyar saka mahaɗar PN a cikin silikon ɗin, wadda ke sauya taku da wutar lantarki maimakon zafi, mai sauri da ƙarancin cin wuta, ita ma doguwa ce kuma tana cin haske. Farfesa ya ce in daina neman wanda ba shi da aibi, in zaɓi aibin da zan iya zama da shi har in gama digiri. Muka tsaya a kan silikon da hita, don shi ne mai arha kuma shi kowa ya fi sani.

Ɗalibi ba ya sayen faifan silikon sukutum. Abin da ake yi kamar watanda ne: jami'o'i da ƙananan kamfanoni su haɗa kuɗi a kan faifai ɗaya, kowa ya sayi filinsa, in an gama a yanka a ba kowa rabonsa. Ana kiran tsarin MPW. A Turai yawanci ta Europractice ake bi a isa wurare irin su imec a Beljiyam, a Southampton akwai CORNERSTONE, a Singafo akwai AMF, a Amurka akwai AIM Photonics, masu son naitiraid kuma suna zuwa LioniX a Holan ko Ligentec a Suwizalan. Kowace na da jadawalin zagayenta, sau kaɗan ne a shekara, in ka rasa ɗaya sai ka jira na gaba. Mu mun ɗauki fili mai milimita 5 a kan 5, kuɗinsa ya haura Yuro 10,000, daga asusun binciken Farfesa. Kada ka dogara da tallafin karatu na gida a kan irin wannan, tun wajen zaɓen mai duba aikinka ka tambaye shi ƙarara ko yana da kuɗin ƙera cip, kada kunya ta hana ka. Ofishin kuɗi na jami'a shi ma yana da nasa: kuɗin ya wuce iyakar da ake saye kai-tsaye, suka nemi farashi daga wurare uku, sai da muka rubuta takardar bayanin cewa zanen da aka yi da ƙa'idar masana'anta ɗaya ba ya shiga wata. Ba a ajiye maka fili sai takardar odar saye ta isa.

Da kundin ya iso na shiga zane. Tambayar farko ita ce tazarar da za a bari tsakanin eriya da eriya. A ka'ida, in kana son tsinken haske ɗaya tak ba tare da na bogi sun fito a gefe ba, tazarar kada ta wuce rabin zango, wato nanomita 775. To magudanar kanta faɗinta 500 ne, abin da ya rage tsakani bai kai 300 ba, kuma a wannan kusancin haske yana tsallakawa daga wata zuwa maƙwabciyarta, duk takun da ka saita ya cakuɗe. Akwai dabaru: wasu suna bambanta faɗin magudanan da ke maƙwabtaka don kada haskensu ya saje, wasu kuma suna jera eriyoyin da tazara marar tsari, kamar yadda masu bincike na Intel suka nuna a 2016, don hasken bogin ya watse maimakon ya taru wuri ɗaya. Ni na ɗauki hanya mai sauƙi, eriya 64, tazara maikiron 2. Lissafi ya ba ni damar karkata hasken kusan digiri 23 dama da 23 hagu kafin na bogi ya shigo fili, kuma da yake faɗin jeren duka maikiron 128 ne, kaurin tsinken zai zama kamar digiri 0.6. Wannan karkatar ta dama da hagu ce kawai. Don ɗaya gefen, wato gaba da baya, da a ce kowace eriya a murabba'in 64 sau 64 za ta samu hitarta, da hita 4096 ake magana. Ƙungiyar Michael Watts a MIT ta nuna jere mai wannan yawan a 2013, har suka haska tambarin makarantar da shi, amma wanda ake iya juyawa a aikin nasu 8 sau 8 ne. Shi ya sa yawancinmu muke yin dogayen eriyoyi masu haƙora, mu sauya tsawon zangon lezar, hasken ya karkata da kansa. Sauyin nanomita 100 yana ba da kamar digiri 14 zuwa 15, kwatankwacin abin da aka samu a jami'ar Ghent tun 2009.

Sai wahalar kwamfuta ta farko. Hanyar da aka fi yarda da ita wajen kwaikwayon tafiyar haske ita ce FDTD, inda ake yanka fili zuwa ƙananan ɗakuna a lissafa wutar lantarki da maganaɗisu a kowanne, mataki bayan mataki. A silikon ɗaki ɗaya bai kamata ya wuce nanomita 20 ba. Na auna filin eriyoyina: faɗi maikiron 128, tsawo 500, zurfi 4. Ɗakuna biliyan 32 ke nan, kowanne da lambobi 6, kusan gigabait 770 kafin a sa komai a kai. Kwamfutar teburina 32 gare ta. Na nemi gurbi a babbar kwamfutar jami'a, aka ce sai na cika fom, na yi ɗan horo, Farfesa ya amince da awannin da za a cire masa. Bayan an ba ni, sai ga layi biyu: layin jiran injin, da layin jiran lasisin Lumerical, manhajar da muke yin FDTD da ita, don 'yan kaɗan sashenmu ke da su kuma kowa na rububi in wa'adi ya matso. Akwai daren da aikina ya kai gaba a layin injin ya tarar ba lasisi, ya mutu, ya koma baya. Wani ɗan Indiya da ya riga ni shekara biyu shi ya zaunar da ni ya ce ba wanda ke kwaikwayon cip gaba ɗaya. Ana ɗaukar haƙora kaɗan na eriya ɗaya a lissafa da kyau, a ɗauki magudanai biyu ko uku a ga yawan tsallaken haske, a ɗauki marabar haske ɗaya, sannan a haɗa sakamakon da lissafin jere a harshen kwamfuta na Python, wanda ko ƙaramar kwamfuta za ta yi cikin daƙiƙa. Zafi kuma manhajarsa daban. Abin da wannan hanya ba ta nuna maka shi ne yadda sassan ke shafar juna in an haɗa su, wannan sai cip ya zo.

Shimfiɗa zanen na yi shi da manhajar gdsfactory, ina dubawa da KLayout, duka kyauta ne. Don raba haske ɗaya zuwa 64 ana bin hawa 6, kowane hawa ya raba biyu, marabai 63 ke nan. A nan na ga abin da ban taɓa karantawa a wata maƙala ba: eriyoyin da duk aikin ya dogara a kansu ɗan ɗigo ne a tsakiya, filin kuwa hitoci da wayoyin ƙarfe da faifan haɗa waya suka cinye. Kowane faifan haɗi yana son tazarar maikiron 100, guda 64 sun kai milimita 6.4, gefen cip ɗina kuwa 5 ne, ban ma sa na wayar da wuta ke komawa ta cikinta ba. Dole na raba su gefe biyu, na bar gefe na uku don zaren faiba. Da na gama na tura fayil ɗin zanen, wato GDS, ga manhajar duba ƙa'ida, ta dawo mini da kurakurai dubbai. Yawancinsu abu ɗaya ne da ya maimaitu, amma akwai na gaske: haƙoran eriyata. Silikon yana fitar da haske da gaggawa, in haƙorin ya yi zurfi duk hasken zai fice a farkon eriyar, tsinken ya yi kauri. Ina son haƙori mai nanomita 10 zuwa 20, injin masana'antar kuwa ba ya alkawarin fitar da abu mai wannan ƙanƙanta. Na nemi a ɗaga mini ƙafa, suka amince, da sharaɗin in bai fito ba ba ruwansu. Injiniyar da ke karɓar zane a wurin dillalin da ke tsakaninmu da masana'antar ta ba ni shawara mai kyau, ta ce in cika duk gurbin da ya rage da ƙananan gwaje-gwaje: hita ɗaya ita kaɗai, eriya ɗaya, maraba ɗaya, magudanai masu tsawo daban-daban. Mun tura sa'o'i kaɗan kafin a rufe. Na fito daga ginin ana kiran asuba a wayata.

Daga nan sai jira. An ce mana wata biyar, ya kai kusan takwas, saboda wani inji ya lalace a can kuma ba abin da za ka yi sai duba imel. Baba in ya kira yakan ce, «To Malam, abin naku ya iso kuwa?» in ce masa tukuna, ya ce Allah ya kawo shi lafiya. Wannan lokacin ba na hutu ba ne. A cikinsa ne ya kamata a gama fanel ɗin lantarkin da zai tura wa hitoci 64 wuta, kowace da tata DAC, wato na'urar da ke mayar da lambar kwamfuta ta zama ƙarfin wuta, da manhajar da za ta yi magana da su, da horon kare ido daga leza wanda ba a ba ka makullin ɗakin gwaji sai ka yi shi. Hasken nanomita 1550 ido ba ya ganinsa, sai da kati na musamman ko kyamarar InGaAs mai ganin irin wannan haske, ita ma kyamarar tana cikin kayan da ake sa wa ido wajen fitarwa daga ƙasa zuwa ƙasa, sayenta da nata takardun. Na lissafa wutar: kowace hita tana cin kamar miliwat 20 don rabin zango, 40 don cikakke, jimla a tsaka-tsaki wat 1.3 a kan ɗan wannan fili. Ashe dole a sa masanyayi a ƙarƙashinsa, mai riƙe zafin a digiri 25.

Kunshin ya maƙale a kwastam na wasu kwanaki saboda lambar nau'in kaya da aka rubuta ba daidai ba, ofishin saye na jami'a ne ya warware. Da na buɗe, ɗan akwati ne na roba mai danƙo a ciki, cip kusan 20 a jere, suna walƙiya shuɗi-shuɗi da ruwan hoda in ka karkata su. Na ɗauki ɗaya da hantsaki mai bakin roba, hannuna na rawa, na sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ga bishiyar marabai, ga wayoyin zinariya-zinariya sun bazu, ga sunan ƙungiyarmu da na rubuta a kusurwa. Makonnin farko a kan ƙananan gwaje-gwajen nan na yi su, ina matso da faiba da maɓallan da ke motsa shi ƙasa da maikiron ɗaya. Hasken da ke cikin faiba faɗinsa kusan maikiron 10 ne, magudanar rabin maikiron, fiye da rabin hasken a bakin ƙofa yake ɓacewa. Eriyar ma kusan rabin abin da take fitarwa ƙasa yake yi, cikin gindin silikon. Haƙoran sun fito, amma a dakushe, sun fi abin da na zana rauni. Da ba don eriyar gwaji ɗin nan ba, da ban san ko laifin daga ina yake ba.

Ɗinkin waya shi ne matakin da ya fi ba ni mamaki wajen kuɗi. Allurai masu kai wuta biyu ko huɗu za ka iya sauke su a kan cip da hannu, 64 ba zai yiwu ba. Sai an manna cip ɗin a kan fanel, a ɗinke kowane faifan haɗi da zaren zinariya mai kaurin maikiron 25, a manne faiba da gam na musamman. Mun fara da mai injin ɗinki na sashenmu, dattijo mai haƙuri, layinsa kuma dogo. Ya duba zanena ya nuna mini inda wayoyi biyu za su gitta juna, sai da aka sake buga fanel. Manna faibar kuwa waje muka kai, kuma in aka haɗa kuɗinsa da na fanel da DAC da masanyayi, ya kusa kamo kuɗin cip ɗin kansa. Da na san haka, da mai ɗinkin na fara kai wa zanen kafin masana'anta.

Ranar da muka kunna leza a jeren duka, abin da kyamara ta nuna ba tsinke ba ne, yayyafin ɗige-ɗige ne a warwatse. Na san za a yi haka, amma sani daban, gani daban, sai da gabana ya faɗi. Dalilin shi ne in faɗin magudana ya kauce da nanomita 1 kacal a tsawon milimita 1, takun hasken yana iya kaucewa da kusan zango guda, kuma ba masana'antar da ke iya riƙe faɗi da kauri daidai haka. Saboda haka kowace daga cikin 64 ɗin tana isowa da takun da ta ga dama, kuma na kowane cip daban ne. Saiti ke nan ya zama aikin. Na fara da hanyar da kowa ke farawa da ita: zaɓi ɗigo a hoton kyamara inda kake son hasken, ka ɗauki hita ta farko ka bi ta matakai 16, ka tsaya inda ɗigon ya fi haske, ka wuce ta biyu. Hoto 1024 ke nan a zagaye ɗaya. Hitar kanta tana amsawa cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, amma kyamara da kebul da Python suka mayar da abin hoto 10 a daƙiƙa, kusan minti biyu, kuma sai an yi zagaye da yawa. A zagaye na biyu na ga ɗige-ɗigen suna dushewa, wani wuri ɗaya yana ƙara fari, a na huɗu sai ga tsinke tsaf a tsakiya da 'yan rakiyarsa biyu can gefe inda lissafi ya ce za su kasance. Na kira ɗan Indiyan nan, muka tsaya muna kallon allo kamar ba mu taɓa ganin ɗigo ba.

Murnar ba ta daɗe ba, domin wannan kusurwa ɗaya ce. A takarda, in ka san kuskuren kowace magudana da yadda hitarta ke amsa wuta, sauran kusurwoyin lissafi ne kawai. Na lissafa na digiri 10 na tura, tsinken ya je, amma ya rage haske, datti ya taso kewaye da shi. Zafi ne ke yawo. Hita ta 20 in ta yi zafi tana ɗumama ta 19 da ta 21, har ta 25 tana samun rabonta, ga juriyar ƙarfen hitar tana sauyawa da zafinta, don haka wutar da ka tura ba ita ce zafin da ka samu ba. Hanya biyu ce: ko ka saita kowace kusurwa da kyamara ka adana a tebur, ko ka auna yadda kowace hita ke shafar kowace magudana, lambobi 4096, ka riƙa warware lissafin duk sanda za ka karkata. Na gwada dabarar da ke girgiza hitocin duka lokaci ɗaya tana bin inda haske ya ƙaru, tana da sauri amma takan maƙale a wurin da ba shi ne mafi kyau ba. Wadda ta fi yi mini aiki daga masu rada aka aro ta: in ka juya takun eriya ɗaya, hasken ɗigon yana hawa da sauka bisa lanƙwasa sananniya, awo 4 sun isa ka gano inda ƙololuwarta take, ba sai 16 ba. Na sauya kyamarar da ƙaramin ma'aunin haske mai sauri a bayan ɗan rami, aikin awa ya koma na mintuna. Duk da haka, in aka sauya tsawon zangon lezar don karkata ɗaya gefen, saitin yana ɗan zamewa, tebur ya ƙara faɗi. Akwai kuma ranar da na'urar sanyaya ɗakin ta tsaya, saitin da na kwana ina yi ya tashi a banza.

A ƙarshe mun samu tsinke mai kaurin kusan digiri 0.7, yana tafiya digiri 20 kowane gefe, abin da ya isa babi biyu na kundina. Amma lidar na mota yana son digiri 0.1 ko ƙasa, wato jere mai faɗin kusan milimita ɗaya, eriya 400 a tazarata, 1000 a rabin zango. Hita 1000 irin tawa wat 20 ne, waya 1000, teburin zafi mai lambobi miliyan ɗaya. Shi ya sa manyan ayyukan ba sa bin hanyata. Ƙungiyar Hossein Hashemi a jami'ar Kudancin Kalifoniya ta gina mai eriya 1024 da lantarkinsa a cip ɗaya, ƙungiyar Michal Lipson a Columbia ta rage cin wutar mai 512 ta hanyar mayar da hasken ya bi ƙarƙashin hita ɗaya sau da yawa, kamfanin Analog Photonics kuma ya kai 8192 a 2022 ta hanyar kifa cip ɗin lantarki kai-tsaye a kan na hasken.

Ga ɗan'uwan da zai fara, yawan eriyoyinka ka ƙayyade shi da yawan wayar da za a iya ɗinke maka da DAC ɗin da za ka iya saya da saitin da za ka iya yi, ka faro lissafi daga kyamara ka dawo baya zuwa zane. Ka sa jere ƙarami mai eriya 8 a gefen babban, wanda za ka kunna da allurai ba sai an ɗinke ba. Ka nemi a haƙa ramukan tare zafi tsakanin hitoci in masana'antar na yi. Wanda yake Zariya ko Kano ko Yamai yana jiran tafiya, ba sai ya zauna haka ba: manhajar FDTD ta MIT mai suna MEEP kyauta ce, KLayout da gdsfactory ma haka, kuma Lukas Chrostowski na jami'ar British Columbia yana da kwas ta intanet inda ake ƙera wa ɗalibai zanensu a auna a turo musu sakamako. Zanena na biyu yana hannun dillali yanzu. Eriya 64 ne har wa yau, ban ƙara ko ɗaya ba, sai dai na mayar da mashigar hasken da hawan farko na marabai zuwa naitiraid don su ɗauki ƙarfi, na bar hitocin a silikon da ramuka tsakaninsu, na kuma sa ƙananan ma'aunan haske na jamaniyam a ƙarshen eriyoyin don cip ɗin ya riƙa gaya mini takunsa ba tare da kyamara ba. An ce mana wata shida.